Kore na gani, shi ma kore ya gani

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar ina Lawal direba ya shiga, ga ni. A da kwance nake, amma yau a tsaye nake rubuta wannan, da ƙafafuna biyu.

Shekara goma sha tara ina jigilar fasinja tsakanin Malumfashi da Funtua, ko akuya ban taɓa bugewa ba.

Ranar wata Litinin da hantsi na shigo gari da cikakken lodi. Da na doshi mahadar da ke da fitilar ba da hannu sai na ga tana ƙyafƙyaftawa, ja ya kawo, ya ɗauke, kore ya kawo. Ƙafata har ta hau birki. Wani fasinja a baya ya ce, "Direba, ai kore ne, mu je mana!"

Na saki birkin. Wannan kuskurena ne, ba na ɗora wa kowa.

Ina tsakiyar mahadar na hango motar masara daga dama ta taho ba alamar tsayawa. A ɓangaren da ta nufa akwai mace mai goyo cikin fasinjojina, a jikin ƙofa. Na murɗe sitiyari da duk ƙarfina, bas ɗin ta juya, motar ta daki gefena.

Mutum goma sha huɗu na ɗauko. Goma sha uku sun koma gida da ƙafarsu ranar, ƙujewa kawai suka yi. Ɗaya ya karye a hannu, ya warke. Duk abin da na sha daga baya, in na tuna wannan sai in gode wa Allah.

Ni kuwa sai da aka ɓanɓare ƙofa aka zaro ni.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar. Ƙashin cinya ya karye gida biyu, ga rauni a buɗe. Inna, mahaifiyata, ta ce a kai ni Tsiga wurin mai ɗori. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mata, ya ce, "Hajiya, wannan karaya ba ta ɗori ba ce. In kuka fita da shi, ba na jin ƙafar za ta dawo."

Matata Hauwa ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, a bar shi nan." Tun da muka yi aure ban taɓa jin ta ja da maganar Inna ba sai ranar. Inna ta dube ta, ta ce, "To, Allah Ya sa haka ne alheri."

Aka yi tiyata, aka sa ƙarfe, aka ƙara mini jini leda biyu. Direbobin tasharmu ne suka yi layi suka bayar.

Mako na biyu zazzaɓi ya rufe ni, ciwon ya fara ruwa yana wari. Likita bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam Lawal, ƙwayar cuta ta shiga. Za mu gwada allurai. In ta kai ƙashi, sai mun zauna mun yi wata magana."

Na gane maganar. Yankewa yake nufi.

Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. Direba ba ƙafa, me zai ci da iyali?

Wankin ciwo kullum da safe. Nas tana zuwa da farantinta nake cusa gefen bargo a baki, don kada Hauwa ta ji ihuna daga waje. Kwana ashirin da uku ana wannan. Ranar na ashirin da huɗu likita ya buɗe, ya duba, ya ce, "Ƙafar nan taka ce."

A cikin kwanakin ne direban motar masarar ya zo dubiya, dattijo daga Dandume, Malam Idi. Ya tsaya a bakin gado yana murza hularsa, ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, kore na gani." Na ce, "Baba, ni ma kore na gani." Ashe fitilar ce ta ba mu hannu mu biyu a lokaci ɗaya. Muka yafi juna.

Sai gashin ƙashi. Taku uku na fara yi da sanduna biyu, gumi kamar an watsa mini ruwa. Bayan wata uku na koma sanda ɗaya. Juma'ar da ta wuce na jingine ta a bayan ƙofa, na taka har masallaci, na yi sujada ba kujera. Ina ɗingishi kaɗan, ban damu ba.

'Yan'uwana direbobi, masu Keke da 'yan acaɓa, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana.

In fitila ta mutu, ko tana ƙyafƙyaftawa, ko ta maƙale a launi ɗaya, ka tsaya cak. Duba dama, duba hagu, sake duba dama. Bar wanda ya riga ka isowa ya wuce, da mai tafiya a ƙasa, sannan ka shiga a hankali da giya ɗaya. In akwai jami'i yana ba da hannu, hannunsa za ka bi. Ko kore ka gani, in motocin gefe suna tahowa, ka yarda da idonka. Kuma ka sanar da masu kula da hanya, kada ka ce wani zai faɗa.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da 'yan tasha da jininsu ke yawo a jikina. Inna, Allah Ya ƙara girma. Hauwa, ƙafar nan da nake takawa, bayan ikon Allah, ke kika tsaya mata.

Likita ya ce wata mai zuwa zan iya komawa kan sitiyari. Masu zuwa Funtua, ku ajiye mini kuɗin mota.