Tsuntsun Baba a Dajin Kurmi

Mun tashi da asuba daga Greensboro ta Amurka, ni da 'yata. Na ɗauko ta a unguwar Glenwood, inda take haya kusa da jami'a, tana ta gyangyaɗi. Ƙanina ne ya kira ya ce idon Baba ya kusa daina gani, in muna son ya ga jikarsa, to mu hanzarta.

Jirgi ya sauke mu Abuja, mota ta karɓe mu. Daga Takum hanya ta lalace, har sakwarar da muka ci a Wukari ta narke kafin mu shiga Baissa, inda Baba yake. Doya kuwa arha kamar a ce kyauta.

Baba ya shafa fuskarta, ya ce, "Amaryata ta iso." Ta yi murmushi kawai. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa, shi kuma ba ya jin Turanci. Suka riƙa zama shiru a tabarma ɗaya, abin yana cina a rai.

Wata safiya ya sa muka riƙe shi zuwa gonarsa ta koko a bakin daji. Kwarkwasa sun yi jerin gwano, ƙwari na ta tashi a gabansu. Sai muka ji wani kuka mai kaushi, da fito a ƙarshensa. Baba ya tsaya.

"Ga mutumina. Amarya, ara mini idonki. Yaya yake?"

Tsuntsu ne baƙi ƙirin, wanda Turawa ke kira drongo. Gashinsa na sheƙi shuɗi-shuɗi, idonsa ja, jelarsa rabe biyu. Ya zauna cak a reshe kamar alƙali.

Ta dube ni, na kau da kai. Can ta ce, "Kaka, baƙi ne. Ido ja. Ya tashi! Ya kama... ya kama..."

Baba ya ce, "Fara?"

"Fara! A sama! Ya dawo wurin shi!"

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce haka yake, ba ya tono, jira yake kwarkwasa ko birai su taso masa da abinci, kuma ko shaho ya ratso sai ya fatattake shi. Tun daga ranar, kullum tare suke fita, tana faɗa yana gyarawa.

Ran da za mu taho, ba ta nemi in fassara mata ban kwana ba.

Mun dawo Greensboro cikin sanyi. Na yi shekaru ina mata faɗa a kan Hausa. Ashe ba faɗa take jira ba, wanda ke bukatar maganarta take jira.