Idon Aro

Taubashina ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, amma tun ina yaro ban taɓa raga masa ba, shi ma haka. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka in mun haɗu sai ya ce ga bawansa, ni kuma in ce ga nawa. Shi ya nemo mini aikin tuƙi a Doha. Shi kuwa makanikin injin jirgin sama ne, ya daɗe a ƙasar. Iyalinsa na Zariya, yana zaune shi kaɗai a Al Muntazah, a saman wani shagon gasa kaji.

Hawan jinin ido ne ya kama shi. Ciwon ya fara cin gefe-gefe kamar yadda ɓera ke cin buhu, kafin a farga idon hagu ya tafi, na dama saura ɗan haske. A wurin aiki suka janye shi daga jikin jirgi, suka ba shi 'yan watanni ya kintsa ya koma gida. Mutanenmu in sun zo gaishe shi sai su ce "ya jikin?" Babu mai kiran abin da sunansa. Ni da al'ada ta ba ni damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina, ni ma bakina ya mutu. Na daina tsokanarsa, kuma na san ya lura.

Matarsa ba ta sani ba. Ya ce tana da hawan jini, zai faɗa mata in ya isa gida. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sukan yi waya ta bidiyo, ni kuma in zauna a gefensa inda kyamara ba ta kama ni ba, ina raɗa masa abin da ke kan allon. Tsohon esin da ke sanyaya ɗakin yana ruri, shi ke rufa mana asiri.

"Shuɗin mayafi," in ce.

"Hajiya, wannan shuɗin ya karɓe ki," in ji shi.

Sai ta yi dariya. Ni kuwa kunya ce ke kama ni, don matar nan ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Akwai wani tsohon fim na Turawa, marar kala, da yake so tun yana saurayi. Ya ce shi ne ya sa masa son jirgi. Labarin matuƙa ne na zamanin da ake yin jirgi da katako da zane, matuƙi na zaune kansa a waje iska na dukansa. Wata Juma'a da hantsi ya ce in kunna masa a kwamfuta in riƙa gaya masa abin da ake yi. Turancina na hanya ne, amma fim ɗin ba shi da wuya. Wani matuƙi mai kai wasiƙu yana son wata yarinya. Man jirgi ya kama da wuta, wutar ta cinye masa idanu. Sai ya kira amininsa ya ce ya rubuta mata takarda cewa ya yi tafiya, kada ta jira shi.

Ina ta zuba, har ina yi wa jiragen dariya, na ce waɗannan ko kyauta aka ba ni ba zan hau ba. Ya ce ai bawa ba ya hawa jirgi. Rabon da ya ce mini bawa an yi wata uku.

Da aka zo wurin rubuta takardar sai ya ce in tsayar.

"Fuskar aminin nan, yaya take? Na manta."

Na duba. Mutumin ya sunkuyar da kai a kan takarda, ya ƙi kallon makahon.

"Kamar wanda aka sa shi yanka akuyarsa," na ce.

"Amma dai ya rubuta."

"Ya rubuta."

"To ka gani. Aminin ƙwarai ke nan."

Raina ya ɓaci. Na gane ba mantuwa ya yi ba, fim ɗin da ya kalla ya fi sau talatin. So yake ya ja mini kunne. 'Yarsa ta fari ta haihu a makon, jikansa na farko, kuma ranar za a nuna masa jaririn. Na rufe kwamfutar, muka tafi masallaci, ina riƙe da gwiwar hannunsa.

A hanyar dawowa na ce masa, "Makaho, ka ɗaga ƙafa, ga tudu."

Ya tsaya cak a bakin titi. Ba wanda ya taɓa kiransa da haka. Na zaci zai zage ni, sai na ga yana dariya har yana riƙe ƙirji.

"Sai yau ka tuna kai taubashi ne?"

"Na tuna. Kuma yau ba ni da ido na aro."

Muka ci gaba da tafiya. Ina jin ya ɗauka wasa ne.

Wayar ta shigo wajen ƙarfe biyu. Na zauna a wurina na kullum. Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "Alhaji, ga abokin naka," ta ɗago jaririn ta kawo shi daf da kyamara. Ina ganinsa sarai, ɗan ja, an naɗe shi da farin tawul, yana hamma. Taubashina ya karkato kunnensa wajena. Na yi shiru. Ya taɓa gwiwata da yatsa. Na janye ƙafata. Ban san ko gyara nake yi ko ɓarna ba, kuma tausayinsa ya kama ni sosai.

"Alhaji, ba ka ce komai ba," in ji ta.

Ya gyara zama. Yana iya cewa Masha Allah ya wuce, ba wanda zai kama shi. Sai na ga ya cire tabaransa ya ajiye a cinya.

"Hajiya, ba na ganinsa. Ke ma na daɗe ba na ganinki. Idon ya tafi."

Na leƙa in ga ko layin ne ya yanke. Tana nan, ta rungume yaron, tana kallon mijinta. Ta goge fuska da gefen mayafi. Ba ta tambaye shi tun yaushe ba, ba ta tambayi wa ke gaya masa kalar kayanta ba.

"To saurara," ta ce. "Bari in fara maka daga kai. Gashi gare shi, baƙi, a kwance. Kunnuwan kuwa naka ne, ba a rage komai ba."

Ya kai hannu ya shafa kunnensa. Na tashi na kashe esin don ya ji ta da kyau.