Tano uku na surukina

Ruwan farko ya sauka jiya a Gangara. Da na ji indararo yana dukan tanon ƙarfe, wato duron tara ruwa, sai marigayi surukina ya faɗo mini a rai, raina kuma ya ɓaci.

Tano uku yake tarawa kowace damina, ya rufe da kwaɗo, makulli a aljihu. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri na haihu. Gwaggona, wadda ta zo yi mini wankan jego, ta durƙusa gabansa.

"Malam, mai jego fa?"

"Ruwan sama na sha ne. Ga tabki can."

Kwano ɗaya ya auna mata. Da yamma ina kallo ta ƙofar ɗaki ya cika wa ragonsa bokiti da ruwan tanon.

Kwana arba'in ana fyaɗa mini ruwan tabki, kore shar, mai warin fitsarin raƙuma. Zazzaɓi ya kusa kai ni kabari.

Yau jama'a suna yabon tattalinsa. Su yaba.

Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi. Kada a auna masa da kwanon da ya auna mini.