Igiyar da Muka Auna Gonar Kaka da Ita

Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri tun farko. Shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Amma duk ranar da na ji warin jiƙaƙƙiyar igiyar rama, sai in ga kaina a Samaru, ina aji huɗu, riƙe da bakin igiya a gonar Kaka.

Kaka, mahaifiyar Mama, tana da ɗan fili a bakin hanya inda take shuka gyaɗa. Tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, taku ashirin-ashirin, in ban manta ba. Kawu, babban ɗanta, malamin lissafi ne a wata firamare a Sabon Gari, kuma yana da nasa filin can baya wajen rafi, dogo siriri, tsawo taku talatin, faɗi goma. Wata Lahadi a farkon damina, bayan an taso daga coci, ya ce su yi musanya.

"Idan girmansu ɗaya, na yarda," in ji Kaka. "Amma maigidana ne zai auna. Shi ba ya yi mini ƙarya, tuwo kawai yake cinye mini."

Ni ne maigidan. Kawu ya ba ni igiya, muka zagaye filin Kaka da ita, ya ƙulla a inda ta tsaya. Muka gangara rafi muka zagaye nasa, ƙullin ya faɗa daidai kan turken da muka fara. Na dawo a guje na ce mata ɗaya suke. Ranar har ƙosai ta saya mini.

Da shuka ta zo, Kaka ta ɗebo iri a ƙwaryar da ta saba cikawa kowace shekara. Ta gama shuka sabon filin, iri ya ragu. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar.

"Maigida, wannan ƙasa ba ta cinye irina ba."

"Kaka, ai mun auna," na ce. Ina jin har da ɗan fushi na faɗa.

Ta soya ragowar ta ba ni na ci.

Bayan shekara biyu aka mai da ni makarantar Kawu. Wata safiya ya zana siffofi biyu a allo, ɗaya huɗu da huɗu, ɗaya shida da biyu. Ya ce mu haɗa gefunansu, kowanne ya ba da sha shida. Wannan shi ne kewaye. Sannan ya ce mu yi tsawo sau faɗi don mu san girman cikin. Ɗaya sha shida, ɗaya sha biyu.

"Kada a yaudare ku da kewaye," ya ce, yana kaɗe alli daga hannunsa. "Abin da ke ciki shi ne fili."

A bayan littafina na rubuta ashirin sau ashirin, ɗari huɗu. Talatin sau goma, ɗari uku. Kashi ɗaya cikin huɗu na gonar Kaka ya tafi, kuma da bakina aka tabbatar mata. Na ɗaga kai, shi kuwa yana goge allo.

Ban gaya mata ba har ta rasu. Na ce sai na tabbata, kuma ga shi na gama jami'a ban daina cewa haka ba. Yanzu ɗakunan ɗalibai ne a tsohon filin, keke napep na sauke su a ƙofa. Kawu ya tsufa, ina gaishe shi duk Kirsimeti.

Ba na so in zalunce shi. Wataƙila takun nawa ne bai cika ba, ko kuwa akwai wata magana tsakaninsu da yaro bai sani ba. Idan akwai wanda ya tsaya a wurin ranar, daga gidanmu ko maƙwabta, ina roƙo ya aiko mini da gyara. Na fi shekara ashirin ina sake wannan lissafi, ina fatan wani ya nuna mini inda na kuskure.