Bismillar Aƙilu

A Pumpumre, cikin Garwa, in ka tambayi gidan Aƙilu sai a ce maka wane Aƙilun, amma in ka ce Harbi-Ɗaya, ko mai tuyar ƙosai za ta nuna maka ƙofa. Maharbi ne tun yana saurayi, da takardar izininsa da komai, kuma bai taɓa yarda da harsashin kanti ba. Kwanso yake tarawa, ya narka dalma da kansa, ya auna albarushi da wani ɗan cokali da ya gada wurin mahaifinsa. Cika cokalin yake har ya yi tozo. Bindigar in ta tashi, haurinta sai ka ce na jaki, shi kuwa ko gezau.

To, jiki ba ƙarfe ba ne. Haurin shekara da shekaru ya cinye masa kafaɗar dama, ƙara kuma ta tafi da kunnen wannan gefen, ta taɓa ɗayan. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce a ajiye bindiga. Aƙilu ya fito yana tsaki, wai wanda bai taɓa shaƙar hayaƙin albarushi ba ne zai koya masa. Taurin kai ne, amma a yi masa adalci: ba shi da gona, ba shi da shago, sunan nan shi ne abin da ya mallaka. Ya kuma sha faɗa a bainar jama'a cewa ranar da dabba ta ɗauki dalmarsa ta gudu, ranar zai rataye bindiga.

Sai ya ɓullo da dabara. Ya rufe ɗaki ya rage albarushi, bai gaya wa kowa ba. Da fari tozon cokalin ya share. Da kafaɗa ta ƙi yin shiru, ya koma rabi, daga baya ma rabin bai cika ba. Bindiga ta yi ladabi, ta daina hauri.

Abin mamaki, nama bai daina faɗuwa ba. Duk sa'ad da aka buɗe farauta, sukan shiga dajin wajen Poli, shi da ƙanensa Salmanu mai gyaran babura da sauran abokan tafiya. Aƙilu zai saita, ya ce “Bismillah!” da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, ya ja kunama, mazo ya kife. Salmanu, wanda kullum yake tsayawa ta damarsa a ɗan baya, shi ke rugawa ya yanka, shi ke fiɗa. Har Aƙilu ya fara yi wa kansa kirari a zuci, wai ashe ba albarushi ne ke kisa ba, ido ne.

Ranar da asiri ya tonu, abincin rana yake ci. Haƙorinsa ya ci karo da wani abu, ya tofar a tafin hannu. Dalma ce, amma ba tasa ba. Tasa gwarjaje ce, da zanen zarto a jiki. Wannan sumul take, aikin inji. Ya kira matarsa.

“Hawa'u, wannan fa?”

“Tsakuwa ce, Malam.”

“Tsakuwa mai sheƙi? Naman wa kika dafa mini?”

Ta shiga madafa ta fito da gwangwanin tumatir, ta ajiye a gabansa. Dalma irin wannan ce a ciki, ta kusa kai baki.

“Salmanu ya ce in riƙa tsincewa kafin in zuba a tukunya. Wannan ce ta kuɓuce mini. Bismillarka yake jira, ya harba tare da kai.”

“Tawa dalmar fa?”

“Ya ce wani lokaci a fata take tsayawa. Wani lokaci ba ta isa.”

“Su wa suka sani?”

Ta sunkuyar da kai. “Malam, su kunnuwansu lafiya lau.”

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi yana tuno kowane “sannu da aiki” da aka yi masa a shekarun nan, kowace cinya da ya aika wa maƙwabta da sunansa, da yadda ake ba shi gaba a daji. Ashe lallashinsa ake yi kamar mai jinya. Da dariya suka yi masa, da ya san yadda zai rama. Amma tausayi, ina mutum zai kai ƙararsa? Ya ture kwanon.

Da fita ta gaba ta zo, ya shirya kamar kullum. Hantsi ya ɗaga suka tarar da mazo a bakin rafi. Aka ja baya, aka bar masa fili. Ya ɗora bindiga a kafaɗa, ya saita, ya ɗaga murya.

“Bismillah!”

Bai taɓa kunama ba. Mazo ya yi tsalle ya kife.

Daji ya ɗauki sowa. “Harbi-Ɗaya! Harbi-Ɗaya!” Salmanu ya yanka, ya dawo yana haki. “Yaya, wallahi hannunka bai tsufa ba!”

Aƙilu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda fuskarsa ta canza, sun ƙware. Ya buɗe bindigar a hankali, ya zaro harsashin, cikakke, ko ɗumi bai yi ba. Ya kamo hannun ƙanensa mai jini, ya sa masa, ya naɗe masa yatsu a kai. Sannan ya juya ya kama hanyar titi, ba wanda ya iya bin sa.

Bindigar tana rataye a ɗakinsa har yau, cokalin kuma Hawa'u na auna gishiri da shi. Da yamma yakan zauna a ƙofar gida, masu wucewa su ɗaga hannu su ce, “Harbi-Ɗaya, barka da hutawa.” Ba ya amsawa. Mutane na cewa, Allah sarki, kunnen ne ya ƙarasa mutuwa. Hawa'u ta san yana ji sarai.