Fim ɗin da ya fitar da Gwaggo daga Madina

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi tashe a wasan kwaikwayon talbijin a Kano tun zamanin hoto baƙi da fari. A Madina kuwa ba wanda ya san haka. Ni ina ɗinki a unguwar Sultana, ita tana suyar ƙosai a ɗakinmu na unguwar Ranuna, mutanenmu suna zuwa saye. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu shekara da shekaru, ko a jikinta. Burinta ɗaya ne, ta cika a garin nan a binne ta a Baƙi'a.

Ana nan sai wani darakta ya zo Umara, ya biyo abokansa cin ƙosai. Muryarta kawai ya ji ya tsaya da loma a hannu.

"Hajiya, ba ke ce ta talbijin ba?"

"Ni ce, ɗan nan. Ci abincinka."

Ya ce yana shirya fim a Kano a kan tsohuwar 'yar wasa da duniya ta manta, tana zaune a ƙaton gida tana jiran a sake kiranta. Nan take ya ba ta magana biyu ta gwada. Ta goge hannu a zani, ta ɗaga haɓa, wallahi sai na ga wata matar da ban taɓa sani ba. Duk taurin zuciyata sai da na yi hawaye.

Da ya tafi na ce, "Gwaggo, in kika fita ƙasar nan za a ɗauki hoton yatsunki, ba dawowa. Baƙi'ar fa?"

"Ke ki zaɓa mini."

Ni a wa? Haushi ya turnuƙe ni, na yi ta faɗa, na ce mutumin nan ko takarda bai rubuta ba. Ta ci gaba da juya ƙosanta.

Ran nan na dawo daga shago na tarar ta kwashe kayanta, ta je ta miƙa kanta tarhil, inda ake tara marasa takardu kafin a mai da su gida. Haka mutanenmu suke yi in sun ƙosa su tafi.

Kwana huɗu da tafiyarta darakta ya turo mini saƙon murya. Wai mai zuba kuɗin fim ɗin ya ƙi, ya ce matasa ba su san ta ba. Sun ɗauki wata yarinya mai tashe, za a shafa mata hoda a gashi ta zama tsohuwa. Wai in ba Hajiya haƙuri. Haƙuri! Na zage shi tas, me zagin ya tsinana? Na je wurin kafilina, wanda ya tsaya mini a takardun zama, na roƙi manyan unguwa, kowa ya ce halas, magana ta ƙare, an riga an ɗauki yatsunta. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba.

Da la'asar ta kira ni da wayar wata 'yar Nijar, muryarta fes.

"'Yar nan, matan nan duk sun haddace maganganuna. Kin tambaye shi wane launin leshi zan sa?"

Na matse wayar a kunne.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Gwaggo," na ce. "Ya ce shuɗi."