Mu'allim Saidou da Ƙofar Iskar Jar Mota

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinsu da ke Utaiƙa, Malam Saidou ba ya komawa ɗaki. Yakan karɓi burodinsa da zafi wurin mai gashi, ya hau motar da ke kai ma'aikata unguwar masu gyaran motoci. Shi ne mai fara buɗe warsha, wato garejin da yake aiki. Ya share ƙasa, ya jera kayan aiki, ya haɗa shayi, sannan ya bi motocin da suka kwana yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye yana saurare. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki a Riyad, tun da ya baro Damagaram da sana'ar da ya koya a jikin tsofaffin motocin ɗaukar kaya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida, don gwiwa ta fara ƙi.

Larabawa Mu'allim suke kiransa. Motocin tsere masu ƙofa biyu, waɗanda sauran kanikawa ke ɗari-ɗarin taɓawa, wurinsa ake kai su. Amma mu Hausawan garin nan, abin da ya sa ba za mu manta da shi ba labarin Isiyaku ne.

Isiyaku mutumin Gusau ne, direban wani gida a arewacin birni, mai 'ya'ya huɗu a gida. Shekara biyar da suka wuce, Kamil, ɗan mai gidansa, ya miƙa masa makulli ya ce ya matsar da jar motarsa zuwa inuwa. Ba ranar ya fara matsar da ita ba. Yana ɗora ƙafa a totur motar ta zabura ta daki ginshiƙin ƙofa, fitila ta tarwatse, gaba ya lotse. Abu Kamil, mai gidan, ya ce wasa Isiyaku yake da motar da ba tasa ba, kuma a makon nan zai soke masa iƙama, wato takardar izinin zama, ya mayar da shi ƙasarsu.

Isiyaku ya biyo motar har warsha, idanunsa sun yi ja.

"Baba Saidou, wallahi taɓawa kawai na yi," in ji shi. "Ban taka ba."

"Zauna ka sha shayi. Bari in ji ta bakinta."

Saidou ya tayar da motar. Ƙarar injin tana hawa tana sauka, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya ɗaga murfi. A inda iska ke shiga inji akwai wata ƙofa da Larabawa ke kira bawwaba, bututu ne gajere mai ɗan faranti a ciki, wanda ke buɗewa gwargwadon yadda direba ya taka totur. Saidou ya san motar nan, shi yake mata juyen mai. Ƙofarta ta asali faɗin milimita tamanin ce. Wadda ya gani sabuwa ce fil, ta haura ɗari. Nan ya gane Kamil ya sa an canza ta a wani wuri.

Mai warshar ya leƙo, ya gani, ya ja shi gefe. Ya ce Abu Kamil babban abokin ciniki ne, bai kamata a shiga tsakanin uba da ɗa ba. "Ka gyara fitila ka yi shiru, Mu'allim."

"Fitila zan gyara," Saidou ya amsa. "Amma mutumin can za a kora a kan abin da bai yi ba."

Ya san cewa shi ma iƙamarsa a hannun wanda yake magana da shi take. Ya yi sallar azahar da abin a ransa, yana idarwa ya buga wa Abu Kamil waya ya roƙe shi ya zo tare da ɗansa.

Da suka zo bayan la'asar, Saidou bai yi dogon bayani ba. Ya fitar da motar fili a bayan warsha, ya buɗe wa dattijon ƙofa. "Allah ya ja kwananka, ka matsar da ita taku biyu, a hankali."

Abu Kamil ya shiga, ya taɓa totur. Motar ta zabura, ya danne birki da ƙarfi har mayafin kansa ya zame. Ya fito yana kallon Saidou.

"An sa mata ƙofar iska babba," Saidou ya ce, "ba a kuma saita kwamfutar motar ta san da ita ba. Ƙaramar ƙofa, in ka taɓa kaɗan, iska kaɗan ke shiga. Babba kuwa, ɗan buɗewar nan tata iska mai yawa ce lokaci guda. Duk wanda bai san an canza ba, abin da ya sami direbanka shi zai same shi."

Kamil ya sunkuyar da kai. Ya ce kwana uku ke nan da ya kai ta wani wuri aka sa masa, bai gaya wa kowa ba. Uban ya fara ɗaga murya, Saidou ya tare shi da lallami, ya ce samari da yawa ana gaya musu babbar ƙofa ita ce ƙarin gudu, wanda ya sa masa ne ya bar aiki rabi. Abu Kamil ya juya wurin Isiyaku ya kama hannunsa. "Ka yafe mini, na zalunce ka."

Bayan mako biyu Kamil ya dawo shi kaɗai. "Mu'allim, ke nan babbar ƙofar ba ta da amfani?"

"Tana da shi, ɗana, in inji yana neman iskar. Naka yadda ya zo daga kamfani, ƙaramar ta ishe shi. Sai an faɗaɗa bututun da ke rarraba iskar, an buɗe hanyar fitar hayaƙi, an saita kwamfuta, sannan babba za ta nuna kanta. Ko a nan ɗin sai inji ya yi sama sosai, a filin tsere, ba a titin unguwa ba."

Suka ɗora motar a na'urar gwaji, Kamil ya gani da idonsa: ƙofar ita kaɗai ƙarfin doki biyar ta ƙara, can a ƙarshen totur. Saidou ya yi masa aikin daki-daki cikin wata guda, bisa alkawarin cewa gudu sai a filin tsere na bayan gari. Kanikawan warshar sun shaida yaron ya riƙe alkawari.

Malam Saidou, kai ne ka san ƙarfe har ya zama shaidar talaka. Kai ne ka faɗi gaskiya a ƙasar da ba taka ba, a ranar da shiru ya fi maka sauƙi, kuma ka faɗe ta ba tare da ka tozarta kowa ba. Bakanike mai kunne, mun gode.

Isiyaku yana nan a gidan har yau. Da ya nemi izini ya kai ka filin jirgi ranar tafiya, Abu Kamil cewa ya yi a ɗauki babbar motar gida, shi ma zai zo.

Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa albarka a gumin da ka zubar a nan. Mu da muka rage, kowa akwai abin da ya sani a sana'arsa wanda wani bai sani ba. Ranar da wannan sanin zai ceci ɗan'uwa, mu buɗe baki kamar yadda Saidou ya buɗe.